Dutsen Kalambaina da na Ashaka: wane ne yaya, wane ne ƙane?

Ɗan Wamakko: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu ilimin duwatsu. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, ana yin siminti, duk wanda ya taɓa ɗaukar gutsurensa ya juya ya san akwai kwanson dodon-koɗi da ƙumba manne a jiki. An ce teku ce ta bar su, ban yi gardama ba. Amma jiya wani ya ce mini wai dutsen Ashaka ta Gombe ya girmi namu da shekara sama da miliyan 30. Duka farin dutse ne, duka siminti ake yi da su, tsakaninsu tafiyar yini guda cur a mota. Wa ya halarci sunan wani a cikinsu har ya san wanda ya riga?

Sai Na Gani: Wa alaikumus salam. Ka taɓo mini inda ke ƙaiƙayi. Ni duk lokacin da na ji an ce miliyan kaza sai in gyara zama. Mutumin da bai san shekarar haihuwar kakansa ba, shi ne zai faɗa mini shekarun dutse?

Malamin Duwatsu: Wa alaikumus salam. Tambayoyi biyu kuka haɗa a kwano ɗaya, bari mu raba su. Ta farko: wane ne ya riga wani? Ta biyu: da shekara nawa? Ta farko ba ta bukatar na'ura ko ɗaya, ido take bukata da ƙafa da haƙuri, kuma an amsa ta tun ba a san yadda za a amsa ta biyun ba. Sai Na Gani, ajiye miliyoyin nan a gefe tukuna, ba zan nemi ka yarda da su yanzu ba.

Ƙa'idar farko ita ce, yashi da laka da ruwa ke kawowa a kwance suke zama, shimfiɗa kan shimfiɗa. In ba wani abu ya zo ya birkita su daga baya ba, ta ƙasa ta riga ta sama, domin ba yadda za a yi laka ta kwanta a kan abin da bai wanzu ba. Wani likita ɗan ƙasar Denmak mai zama a Italiya, Nicolas Steno, shi ya tsara wannan a rubuce a 1669. Ya ƙara da cewa shimfiɗar da ka gani a karkace ba a haka ta samu ba, daga baya aka karkata ta, kuma in kwari ya raba tudu biyu ka ga shimfiɗa iri ɗaya a kowane gefe, to da can a haɗe suke. Kafin shi da shekara sama da 600 Ibn Sina ya yi maganar duwatsu masu hawa-hawa, ya ce kowane hawa a lokacinsa ya samu, kuma teku ta taɓa rufe wuraren da yau tudu ne.

Baba Mai Rijiya: Jikana na ka rubuta min. Malam, wanga abu da kac ce ai mu mun san shi tun ba mu san sunan Bature ba. Yankinmu in munka fara haƙa, jar ƙasa da marmara muka fara ci, sannan mu iske farin dutsi, nan ruwa yake. Ƙarƙashin farin dutsin akwai wata laka mai toka-toka, tana ɓarewa falle-falle, wani lokaci da wani abu mai ƙyalli ciki wanda farce ka kankarewa. Ubangidana da ya koya min sana'a ya ce in ka kai gare ta ka aje dagi, ita ka riƙe ruwan, in ka huda ta ka yi wahalar banza. Ƙauye bayan ƙauye haka munka iske jerin, sai dai wani wuri gaba shida ka kai, wani wuri sai ka wuce goma.

Malamin Duwatsu: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da kuka faɗa shi ne darasin da muke kwashe mako biyu muna yi wa ɗalibai. Lakar nan mai falle-falle ita muke kira shimfiɗar Dange, abin ƙyallin jifsam ne, farin dutsen da ke kanta kuwa shi ne Kalambaina. Sunayen garuruwan da aka fi ganinsu a fili aka ba su.

Ga abin da kowa zai iya gwadawa a mota. Shimfiɗun ƙasar Sakkwato ba a kwance ɗam suke ba, sun ɗan sunkuya wajen arewa maso yamma, sunkuyawar da ido ba ya kamawa. Saboda haka in ka baro Gusau ka nufi Sakkwato, kana tafiya ne daga tsoho zuwa sabo. Wajen Gusau tsohon dutsen gindi ne a fili, wato wanda duk shimfiɗun ke zaune a kansa, giranit da danginsa. Bayan Talatar Mafara ka hau yashi da tsakuwar Gundumi, inda ake tsintar itacen da ya zama dutse. A kanta akwai Taloka, sai Dukamaje, sai Wurno. Sannan Dange, sannan Kalambaina a gefen birni. In ka ƙara gaba yamma, yashi da yumɓun Gwandu sun rufe su duka. Mai haƙa rijiyar burtsatse a can yamma zai ratsa su ne a juye, Gwandu farko, Gundumi ƙarshe, kuma wajen iyakar Nijar kaurinsu ya haura mita 1,000.

Sai Na Gani: To Malam, na ji na ƙasa ya riga na sama. Wannan ko yaro ya sani. Amma da bakinka ka ce "in ba wani abu ya birkita su ba". In ya birkita fa? Ni na ga dutse a gefen hanya shimfiɗunsa a tsaye suke ƙiƙam. Wanne ne sama a nan?

'Yar Gombe: Malam, a ba ni izini in amsa wannan, don mun yi fama da shi a aikin daji wajen Bima. Dutse yana riƙe alamar inda samansa yake. Je ka bakin kududdufi bayan ya ƙafe ka duba tsagewar laka: bakin tsagar a buɗe yake ta sama, yana tsukewa yana yin ƙasa. In yashi ya zo ya cika tsagar, sannan duka suka zama dutse, za ka ga ɗan tsinin yashi ya soke cikin laka, kuma tsinin kullum ƙasa yake nunawa. In ka same shi yana kallon sama, an kifar da shimfiɗar. Haka in ambaliya ta kawo kaya ta lafa, tsakuwa ke fara zama, sai yashi, laka a ƙarshe. Shimfiɗa guda mai kaurin taƙi ɗaya, ka shafa ta da yatsa, gefen da ya fi kaushi shi ne gindi. Akwai kuma 'yan layukan nan na karkace da ke cika dutsen yashin Bima: ta ƙasa suna lanƙwasawa su kwanta a hankali, ta sama kuwa a yanke suke ƙaf, don ruwan da ya biyo baya ya aske kansu. Ba alama ɗaya ake kamawa a tafi ba, sai uku ko huɗu sun yi baki ɗaya.

Uwar Biyu: Ikon Allah. Ni tambayata daban ce, kada a yi dariya. Ba ruwan Ɗufana ne ya bar kwansunan nan ba?

Malamin Duwatsu: Hajiya, ba abin dariya a ciki, mutanen Turai ma sun daɗe a kan wannan fahimtar. Maganar tafsiri na bar wa malamanta. Abin da dutsen kansa ke nunawa shi ne ba zuwan ruwa ɗaya ba ne. Gundumi aikin koguna ne da tafkuna. Dukamaje laka ce ta teku, da ƙasusuwan kifi da kunkuru da kada, da wani ƙaton mai rarrafe na ruwa da masu bincike 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, saboda a yankin Goronyo aka tono shi. Sai tekun ta ja baya, yashin Wurno ya kwanta. Sai ta sake dawowa ta ajiye Dange da Kalambaina, amma wannan karon babu irin wancan dabbar ko ɗaya a cikinta. Sai ta tafi ba ta dawo ba, koguna suka shimfiɗa Gwandu. Kuma farin dutse irin na Kalambaina a ruwa mai garau marar zurfi yake taruwa, daga kwanson halittun da suka rayu suka mutu a wurin, zuriya bayan zuriya. Ambaliya mai laka ba ta yin irinsa.

Ɗan Malbaza: Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan muna da masana'antar siminti, kuma dutsen da aka fasawa da kwanso ciki kamar yadda ɗan'uwa na Wamakko ya faɗi. Shi namu ɗin wane na?

Malamin Duwatsu: Naku da na Kalambaina tsara ɗaya ne, teku ɗaya ta ajiye su. Sunan da masana na ɓangaren Faransanci suka ba shi daban ne kawai, shimfiɗar ba ta san da iyaka ba. Babban kwarin da ya haɗa mu, daga Sakkwato zuwa Tawa har cikin Mali, shi ake kira Iullemmeden.

Yanzu ga tambayar asali. Kalambaina da Malbaza kusa suke, kana iya bin shimfiɗar kusan da ƙafa. Ashaka kuwa tsakaninta da Sakkwato akwai tsohon dutsen gindi na Zamfara da Kano da Bauci, babu inda za ka ga dutsen Ashaka a ƙarƙashin na Kalambaina ko a kansa. Nan ƙa'idar Steno ta tsaya, sai a koma ga abin da ke cikin dutsen.

William Smith, ɗan Ingila, ba malamin jami'a ba ne, mai awon ƙasa ne da ke aikin haƙa hanyoyin ruwa da ramukan kwal. Ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da nata irin kwanso, kuma jerin ba ya canjawa duk inda ya je: irin da ke ƙasa a wannan gari shi ne a ƙasa a wancan, wanda kuma ya ɓace ba ya sake fitowa a sama. Da wannan ya fitar da taswirarsa a 1815. To a Ashaka dutsen cike yake da amonait, wata halittar teku mai kwanso a naɗe, wani ya kai faɗin faranti. Irin na Ashaka ana samunsu a Damargu wajen Tanut ta Nijar, ana samunsu a Tunisiya da Masar da Fotugal. A wuraren da shimfiɗu suke jere cikakku ba yankewa, an ga inda waɗannan nau'o'in suke zaune, an ga wasu nau'o'in sun gaje su a sama, an ga inda amonait duka suka ƙare. Kwansunan Kalambaina kuwa, duk inda aka same su a irin wannan jerin, sama da wannan iyakar suke. Ka yini kana fasa dutsen Kalambaina ba za ka ga amonait ba. Ashaka yaya ne, Kalambaina ƙane.

Sai Na Gani: Yauwa, nan nake jiranka. Ka ce kwanso ke faɗin shekarun dutse. In na ce ya aka san shekarun kwanson, ka ce ai daga dutsen da aka same shi. Wannan ba zagaye ba ne? Ali ya ga Ali.

Malamin Duwatsu: Da zagaye ne in da daga kai aka zauna aka tsara jerin. Amma a gaɓar dutse aka karanta shi, inda kowa ke ganin na ƙasa da na sama da idonsa. An karanta a Ingila, an karanta a Faransa, a Indiya, a Amurka, jerin ya fito iri ɗaya. Sai bayan nan ake ɗaukar jerin a kai shi inda shimfiɗa ɗaya tal ta leƙo, a ce ga gurbinta. Kuma abu ne mai saurin ƙaryatuwa. Ranar da wani ya tono amonait a zaune cikin shimfiɗar da ba a taɓa ba tare da ƙashin doki ko na raƙumi, ya rushe mu, kuma sunansa zai shiga littattafai. Shekara 200 ke nan ana fasa duwatsu a duniya ana neman kwal da mai da siminti, ba a samu ba.

'Yar Gombe: In ƙara da cewa masu haƙar mai ba don son ilimi suke biyan masu duba ƙananan kwansuna a madubin ƙara girma ba. In jerin ƙarya ne, kuɗinsu ne ke zuba a rami.

Ɗan Kuza: Ni daga Bukuru nake, kuma abin da kuke faɗa bai zauna mini ba a wajenmu. Nan ba shimfiɗa, giranit ne tsibi-tsibi. Kuma na ji ana cewa wani giranit tsoho, wani sabo, alhali duka daga ƙasa suka fito. In na ƙasa ne babba, ai su ne iyayen kowa.

Malamin Duwatsu: Madalla da wannan. Dutsen da ya narke ya kutso daga ƙasa ba ya bin waccan ƙa'idar, tasa daban ce: abin da ya ratsa ya biyo bayan abin da aka ratsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu bin jijiyar zinariya a Zamfara sun san farar jijiyar nan tana keta dutsen da ke kewaye da ita, to dutsen ya riga jijiyar. In wata jijiya ta yanke ta ta gusar da ita gefe, ta biyun ce ƙarama. Ƙa'ida ta gaba: in ka ga gutsuren wani dutse a cikin wani, gutsuren ne babba.

Da waɗannan J. D. Falconer ya raba giranit ɗin Arewa gida biyu a 1911, tsofaffi da sababbi, saboda ya ga na Jos masu kuza suna keta tsofaffin. Ba shi da na'urar awon shekaru. Sai a farkon shekarun 1960 awo ya nuna tsofaffin suna wajen shekara miliyan 600, na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. Jerinsa bai motsa ba, lamba aka rataya masa.

Ɗan Kuza: To bari in gwada da kaina, a gyara mini. Tsofaffin leburorin kuza suna ba da labarin wuraren da sai an huda baƙin dutsen aman wuta kafin a iske tsakuwar rafi mai kuza a ƙarƙashi. Ke nan giranit ne farko, ya ruɓe, rafi ya kwashe kuzar ya tara, sannan aman wuta ya malalo ya binne rafin.

Malamin Duwatsu: Babu abin gyarawa. Har da tsohon dutsen da giranit ɗin ya keta, abu biyar ka jera ba ka ambaci shekara ko ɗaya ba.

Sai Na Gani: Jerin dai na fara saukowa. Amma miliyan 30 ɗin Ɗan Wamakko fa? Ko kabon ɗin nan ne da ake faɗa?

'Yar Gombe: A'a yaya, kabon ɗin da ake awon shekaru da shi, wanda ke raguwa a jikin abu bayan ya mutu, ba ya kai nan. Rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, bayan wajen shekara 50,000 babu abin aunawa. Na gawayi ne da ƙashi da kufai, irin aikin masu binciken Nok. Na duwatsu sinadarin yuraniyom ne da ke rikiɗewa dalma sannu a hankali a cikin 'yan ƙwayoyin wani ma'adini da ake kira zirkon, ko sinadarin fotasiyom da ke zama iskar agon. Kuma ba farin dutsen ake aunawa kai tsaye ba. Tokar aman wuta ake nema wadda ta faɗo tsakanin shimfiɗu, a auna ta ƙasa da ta sama, abin da ke tsakani ya shiga tsaka. A yammacin Amurka akwai irin wannan tokar a jere da amonait na zamanin Ashaka, daga nan lambar wajen miliyan 94 ta fito. Ƙarewar amonait an auna ta a miliyan 66. Kalambaina tana bayan nan, tsakanin 66 da 56. Ka ɗebe da kanka.

Malamin Duwatsu: Kuma a lura, Becquerel, masani ɗan Faransa, bai gano hasken da yuraniyom ke fitarwa ba sai 1896, daga baya aka gane rikiɗewar sinadarai ce, Arthur Holmes ɗan Ingila ya fara auna duwatsu da ita a 1911. A lokacin jerin zamunnan ya riga ya kammala da shekaru masu yawa. Da awon ya zo ya ce na ƙasa ne ƙarami, da an shiga uku. Bai ce ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a aikin nan ba kifewar shimfiɗa ba ne, giɓi ne. Tsakuwar Gundumi tana zaune kai tsaye a kan tsohon dutsen gindi, kana iya ɗora yatsa ɗaya a kan layin da suka haɗu, alhali wajen shekara miliyan 400 ne suka ɓace a layin nan, ko dai ba a ajiye komai ba, ko an ajiye zaizaya ta kwashe. A Gombe giɓin a bayyane yake, domin shimfiɗun Bima da Yolde da Pindiga da dutsen yashin Gombe sun lanƙwashe, an aske kansu, sannan shimfiɗar Kerri-Kerri ta zo ta kwanta a kai shimfiɗe. Irin wannan ne masanin duwatsu James Hutton ya nuna wa abokansa a gaɓar teku a Siccar Point ta Sikotland a 1788. Mugun giɓi shi ne wanda na ƙasa da na sama duka a kwance suke lafiya lau, ba abin da zai tsayar da idonka, sai kwanso ya tona.

Baba Mai Rijiya: To Malam, inda babu kwanson hwa? Yashin da muka iskewa yamma, wajen Argungu, ban taɓa ganin ko ƙumba guda ciki ba.

Malamin Duwatsu: Baba, kun sa hannu a kan gyambon. Wannan yashin Gwandu ne, na koguna, kuma irinsa ba ya riƙe kwanso. Mun tabbata ya biyo bayan Kalambaina tunda a kanta yake zaune, amma da nawa, masana sun daɗe suna ja, wasu su matso da shi kusa, wasu su kai shi gaba da miliyoyin shekaru. Abin da ake kamawa shi ne garin furen itatuwa da ya maƙale a cikin baƙin yumɓu da 'yan shimfiɗun gawayin da ke tsakanin yashin, a narkar da yumɓun da asid a duba a madubi. Haka Taloka da Wurno, yashi ne mai laushi kusan iri ɗaya, lakar Dukamaje ce ke shiga tsakani ta raba su. Inda ta sirance ta ɓace wajen kudu maso yamma, ko gwani sai ya haɗa su ya kira su da suna ɗaya.

Ɗan Malbaza: Ke nan abin da injin burtsatse ka fiddowa yana da amfani? Mu zubar da shi mukai.

'Yar Gombe: Sosai. Duk mita uku a ɗebi cikin hannu a ƙulla a leda, a rubuta zurfin a jiki da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, a jera su bi da bi. In an haɗa su a buhu ɗaya, ko an ɗebo daga tsibin da ke bakin rami, babu wanda zai iya karanta komai a ciki.